Slott, Cantwell, Duggan ko Ackerman: Wane Zubin Iron Man Ya Cancanci Kuɗinka?

Wani ƙanena da ya tashi da kallon finafinan Marvel ya same ni da tambaya kwanakin baya. Ya ce, "Yaya, ina so in fara karanta mujallar Iron Man ta zane, amma duk inda na duba sai in tarar masoyan suna cacar baki, wannan ya ce zubin wane shi ne gwani, wancan ya ce ɓata takarda ne. Wanne zan fara saya?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin daga 2018 zuwa 2025 kamfanin Marvel ya miƙa ragamar wannan jarumi ga marubuta huɗu a jere, kowanne ya sake farawa daga lamba ta 1, kowanne kuma ya zo da nasa Tony Stark, wato mutumin da ke cikin sulken Iron Man. Abin da nake kira zubi a nan shi ne jerin fitowar da marubuci ɗaya ya rubuta daga kama aikinsa zuwa ajiye shi. Zubin huɗu su ne na Dan Slott, na Christopher Cantwell, na Gerry Duggan, da na Spencer Ackerman. Zan taɓa wasu abubuwan da suka faru a cikin labaran, domin ba yadda za a auna kaya a rufe, amma na bar ƙarshen kowanne ga mai karatu gwargwadon iko.

Ma'aunan da ya kamata a fara ajiyewa

Na farko kuma mafi nauyi shi ne wane Tony mutum yake nema. Wannan jarumi ya fara bayyana a 1963, a fitowa ta 39 ta mujallar Tales of Suspense, kuma tun 1979, lokacin da David Michelinie da Bob Layton suka jefa shi cikin jarabar giya, ya zama mutum mai fuska biyu a idon masu karatu. Akwai attajirin injiniya mai kaifin baki wanda Robert Downey Jr. ya fito da shi a fim ɗin 2008, akwai kuma mutumin da ke faɗuwa ƙasa warwas, ya rasa kamfani, ya rasa abokai, sannan ya miƙe. Da na bi gardamar masoya a hankali, sai na lura cewa mafi yawanta a kan wannan take. Wanda ya zo neman na farko yakan ji haushin marubucin da ya ba shi na biyu, sai ya kira labarin mummuna, alhali abin da ya dame shi shi ne ba a ba shi abin da ya zo nema ba.

Na biyu shi ne ko zubin yana tsaye da ƙafarsa. Marvel ta saba shirya babban rikici guda a shekara wanda ke ratsa mujallu da yawa lokaci ɗaya, sai labarin jaruminka ya tsaya a tsakiya, a ce ka nemi ci gabansa a wata mujallar. Wannan shi ne ɓoyayyen kuɗin da sabon mai saye ba ya gani sai ya shiga.

Sai farashi. Kuɗin da ake bugawa a bangon fitowa ɗaya a Amurka a waɗannan shekarun yana tsakanin dala 3.99 da 4.99, kuma kowace fitowa shafi ashirin ne ko ɗoriya kaɗan na labari. Idan an tara fitowa biyar zuwa takwas an ɗaure su littafi guda, kundin yakan kama daga wajen dala 16 zuwa 25 gwargwadon kaurinsa. Hanya ta uku ita ce manhajar Marvel Unlimited, wadda a waɗannan shekarun ake biya dala 9.99 a wata ko dala 69 a shekara, ana kuma sanya sabuwar fitowa a cikinta bayan kimanin wata uku da fitarta kasuwa. Duka zubin huɗun nan sun riga sun shiga cikinta. Ga wanda ke zaune nesa da Amurka ko Ingila, kuɗin bango rabin magana ne, domin kuɗin jigila da canjin dala sukan ninka abin.

Ƙarko kuma iri biyu ne. Akwai na takarda: fitowa ɗaya-ɗaya siririya ce, da ƙusar waya biyu aka riƙe ta, ba ta jure ɗimin damina ko hannun yara. Na taɓa yin odar guda shida ta hannun wani mai kawo kaya, suka iso kusurwoyinsu a lanƙwashe, ɗaya har ruwa ya taɓa bangonta ya manne da shafin farko, tun daga ranar ban ƙara sayen komai ba sai ɗaurarren kundi. Akwai kuma ƙarkon labari: shin bayan shekara biyu za ka ɗauko shi ka sake karantawa da daɗi, ko kuwa ya tafi da zamaninsa?

Na ƙarshe su ne sauƙin karatu da haɗari. Duka da Ingilishi suke, amma Ingilishin ya bambanta, haka ma yawan tarihin da ake ɗauka ka riga ka sani. Haɗarin kuma shi ne abin da zai sa ka yi da-na-sanin kuɗinka: labari ya yanke babu ƙarshe, ko ya ƙunshi abin da ba ka so ya shiga gidanka.

Dan Slott, 2018 zuwa 2020

Slott ya zo ne bayan ya shafe kimanin shekara goma yana rubuta Spider-Man, ya kuma zo da zubi mai haske da barkwanci mai suna Tony Stark: Iron Man, fitowa 19, mafi yawanta da zanen Valerio Schiti. Kamfanin Stark Unlimited a nan kamar gidan yawa yake: ga Rhodey aminin Tony, ga Janet van Dyne da suke soyayya da Tony, ga Jocasta, butum-butumi mai neman a ɗauke ta a matsayin mutum, ga sababbin ma'aikata. Kusan kowace fitowa da sabon sulke. Jigon zubin tambaya ce guda: tun da Tony ya sake gina jikinsa daga tushe bayan doguwar sumar da ya yi, shin shi ne Tony na asali, ko kuwa kwafi ne mai tunaninsa? Daga nan ɗan'uwansa Arno ya samu ƙofar karɓe kamfani da sulke.

Masu yabon zubin suna yaba launinsa da saurinsa, da kuma yadda ya yi maganar ƙirƙirarriyar basira da haƙƙin na'ura tun kafin batun ya cika duniya. Masu suka suna cewa jama'a sun yi yawa har Tony ya zama baƙo a mujallarsa, kuma tambayar "ni ne ko ba ni ba ne" ta daɗe fiye da ƙima. Ina ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya. Babban abin lura ga mai saye shi ne fitowa ta 19 ba ta rufe labarin ba. Dole sai ka ƙara da fitowa 6 na Iron Man 2020, wanda Slott ya rubuta tare da Christos Gage. Ke nan 25 ne a haƙiƙa, wajen dala 100 idan ɗaya-ɗaya ne, ko kundi biyar. Ingilishinsa mai sauƙi ne, kuma shi ne mafi kusa da yanayin finafinan.

Christopher Cantwell, 2020 zuwa 2022

Wannan shi ne zubin da ya fi raba kan masoya, shi ne kuma wanda ni na fi komawa gare shi. Cantwell marubucin talabijin ne, yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shirin Halt and Catch Fire, kuma ya rubuta fitowa 25 daga Satumban 2020 zuwa Nuwamban 2022. Mai zane CAFU ne ya fara, Angel Unzueta ya ɗauki kaso mai yawa daga baya, Alex Ross kuma shi ya tsara sulken ya kuma zana bangaye. Sulken ya koma ja da ruwan zinariya irin na da, ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurawa gaɓa-gaɓa, ba irin wanda ke tsirowa daga fata ba. A kan wannan kusan babu gardama: har waɗanda suka tsani labarin suna ajiye bangayen.

Labarin ya fara da Tony ya janye daga kamfaninsa, ya koma wani tsohon gida a New York, ya sayi tsohuwar mota yana tseren dare, yana neman sanin ko shi wane ne idan an cire dukiya. Abokiyar tafiyarsa Patsy Walker ce, wadda ake kira Hellcat, mace da ta sha fama da taɓin ƙwaƙwalwa, ba ta kuma ɓoye masa abin da take gani. Abokin gabarsa Korvac ne, wanda ke neman ikon allahntaka don ya gyara duniya yadda ya ga dama. Akwai wurin da har yanzu nake gani a idona. Bayan wani karo da Korvac, wuyan Tony ya karye, ta yadda sulken ne kaɗai ke riƙe kansa a kan kafaɗunsa. Abokansa suka ɗaure shi a ciki, suka haɗa masa maganin kashe raɗaɗi na mofin yana shiga jininsa, shi kuwa tsohon mashayi ne da ya san abin da hakan ke nufi. Daga nan har fitowa da yawa ba ya iya cire kwalkwali. Kayan da ya ƙera don kare kansa sun zama kurkukunsa, mai karatu kuma yana kallon jarabar tana dawowa a hankali, fitowa bayan fitowa, ba tare da kowa ya yi dogon jawabi a kai ba. Daga baya ya samu irin ikon da Korvac ke nema, kuma abin da ya fara yi da shi shi ne bai wa duk mutanen New York kaifin basira irin tasa ba tare da ya tambaye su ba. Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun bayanin girman kan wannan jarumi da na karanta.

Ƙorafin masu suka a fili yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Suna cewa Patsy ta cika yi masa wa'azi a kan gatansa na attajiri, cewa an mayar da mutumin da ya ceci duniya sau da yawa kamar ɗalibin da ake gyara wa zama, cewa kuma darussan da ake koya masa ya riga ya koye su a shekarun baya. Wasu kuma ba su ji daɗin tawagar da ya tara ba, irin su Frog-Man da Gargoyle, jarumai na baya-baya da ba kowa ya san su ba. A fitowa biyar na farko ni ma na ji wa'azin ya yi yawa. Amma wanda ya tsaya a nan ya yanke hukunci, ya yanke shi kafin labarin ya nuna inda ya dosa, domin rabi na biyu ya biya bashin da rabi na farko ya ci.

Ta fuskar tsayuwa da ƙafa, babu kamarsa a cikin huɗun. Fitowa ta 1 zuwa ta 19 labari guda ne mai farko da ƙarshe, sauran shida kuma ƙaramin labari ne a kan yunƙurin Tony na saye miyagun makamai daga kasuwar bayan fage don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Ba ka buƙatar wata mujalla a gefe. Kundi huɗu ne, abin da zai kama wajen dala 70 zuwa 80 a kuɗin bango. Ingilishinsa ya ɗan fi na Slott nauyi, akwai zancen zuci mai tsawo, tafiyarsa kuma a hankali take. Haɗarinsa shi ne nauyin abin da ya ƙunsa: shaye-shaye, taɓin hankali, har da maganar kashe kai. Ba littafin da za a miƙa wa ɗan firamare ba ne.

Gerry Duggan, 2022 zuwa 2024

Idan ana maganar zubin da ya fi samun karɓuwa a bakin masoya a 'yan shekarun nan, sunan Duggan ne yake yawan fitowa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ya dawo da Tony mai dabara, wanda ake kayarwa amma kullum yana da wani shiri a aljihu. Fitowa 20 ne, daga Disamban 2022 zuwa tsakiyar 2024, da zanen Juan Frigeri, an kuma tsara labarin kamar Tony ne ke rubuta tarihin rayuwarsa, abin da ya ba shi murya mai daɗin bi. Ana saka wasu fitowa na waiwaye da Andrea Di Vito ya zana da salon shekarun 1980, kyauta ga tsofaffin masu karatu.

Mugun labarin Feilong ne, attajiri mai ƙiyayya da masu baiwar haihuwa, wato jinsin su X-Men. Ya ƙwace Stark Unlimited ta hanyar sayen hannun jari, ya ɗauki fasahar sulken Tony ya gina manyan butum-butumin farautar waɗannan mutane, ya kuma sa aka ɗaure Rhodey bisa ƙagen kisan kai. Wannan ya taɓo tsohon tsoron Tony, wanda aka gina shahararren labarin yaƙin sulke na 1987 a kansa: cewa abin da hannunsa ya ƙera zai zama makamin zalunci a hannun wani. Sai kuma auren da ya ja hankalin kowa. Emma Frost, ɗaya daga cikin manyan matan X-Men, tana ɓuya da sunan Hazel Kendal, tana aiki a matsayin sakatariyar Tony. Feilong ya shigo ya tarar da Tony a durƙushe da zobe a hannu, zoben da aka ƙera don ɓoye Emma daga na'urorin farauta, ya ɗauka neman aure ne irin na Turawa. Babu yadda za su musa ba tare da asiri ya tonu ba, sai aka ɗaura a Las Vegas a fitowa ta 10, cikin Satumban 2023. Masoya da yawa sun shiga da shakka, suna ganin dabarar talla ce, suka fita suna cewa hirar waɗannan biyun ita ce gishirin zubin. Na yarda da su. Mutum biyu ne masu girman kai da kaifin harshe, kowanne ya rasa gidansa, kuma marubucin ya bar girmamawa ta tsiro a tsakaninsu sannu a hankali.

Sai dai a nan ne ɓoyayyen kuɗin da na ambata ya fi ciwo. Duggan shi ne ke rubuta babbar mujallar X-Men a lokacin, kuma daga wajen fitowa ta 8 zubin ya zama reshe na labarin rushewar Krakoa, tsibirin da masu baiwar haihuwa suka kafa ƙasarsu. Harin da ya juya komai ya faru ne a fitowa ta musamman ta bikin Hellfire Gala na Yulin 2023, ba a mujallar Iron Man ba. Ita kanta durƙusawar da zobe a X-Men ta 26 take. Wanda bai san Krakoa ba, bai san ƙungiyar Orchis mai yaƙar masu baiwar haihuwa ba, zai ga mutane suna kuka a kan abin da bai gani ba. Wannan shi ne babban ƙorafin tsofaffin masoyan Iron Man: sun sayi mujallar jaruminsu, sun samu rabin mujallar X-Men. Kundi uku ne, wajen dala 55 zuwa 65, wanda ya sa a ido ya fi na Cantwell araha, amma idan ka ƙara abin da za ka karanta a gefe don ka fahimta, lissafin ya canza. Game da ƙarko kuma, ina da shakka. Zamanin Krakoa ya rufe a 2024, auren bai ɗore ba, kuma mai karatun da zai zo nan da shekara biyar zai buƙaci wanda zai yi masa bayani kafin ya ji daɗin rabin labarin.

Spencer Ackerman, 2024 zuwa 2025

Ackerman ɗan jarida ne mai bin harkokin tsaro da yaƙe-yaƙen Amurka, yana cikin tawagar jaridar Guardian da ta samu kyautar Pulitzer a 2014 kan bayanan sirrin da Edward Snowden ya fallasa. Wannan asali ya fito a kowane shafi. Zubinsa ya fara a Oktoban 2024 da zanen Julius Ohta, Tony ya dawo kan kamfaninsa yana so ya raba shi da cinikin makamai, sai ya tarar 'yan kwamitin gudanarwa sun fi son riba, kamfanin mai na Roxxon da ƙungiyar miyagun masana kimiyya ta AIM kuma sun haɗa kai za su saye shi. Ana maganar ƙungiyar ƙwadago, ana maganar ƙuri'ar masu hannun jari, ana maganar wanda ke cin riba idan an yi yaƙi. Sulkensa na zamani ya kuɓuce masa, ya koma ya harhaɗa wani da hannu daga abin da ya samu, mai kama da na mayaƙan da, har da ƙaton takobi. Wannan sulke da takobin sun burge mutane da yawa, ni ma suna cikin abin da na fi so, domin sun tuna mini da asalin jarumin, mutumin da ya ƙera sulkensa na farko a tsare, da tarkacen ƙarfe.

Rabi na biyu ya faɗa cikin babban rikicin 2025, inda Doctor Doom ya naɗa kansa sarkin duniya, Tony kuma ya shiga tallafa wa 'yan tawayen Latveria, ƙasar Doom, da makamai. Tambayar da marubucin ya ɗora mai nauyi ce: mutumin da ya rantse ya bar cinikin makamai, yaushe ne ya halatta ya koma? Masu yabo suna cewa an daɗe ba a samu wanda ya fahimci siyasar da ke ƙarƙashin wannan jarumi haka ba. Masu suka suna cewa zancen ya cika cunkushe, kalmomin kasuwanci da na leƙen asiri sun yi yawa, kuma ana jin hannun ɗan jarida fiye da na mai ba da labari, musamman wajen sauya fage. Akwai kuma waɗanda suka gaji da ganin ana sake yunƙurin ƙwace wa Tony kamfani watanni kaɗan bayan ya karɓo shi daga Feilong, kuma wannan ƙorafi ne mai tushe.

Fitowa 10 kacal ya yi, kundi biyu, wajen dala 35 zuwa 40, shi ne mafi araha. Haɗarinsa shi ne gajartarsa: ana gani an shuka abubuwan da ba a samu lokacin girbe su ba, ƙarshen kuma ya zo da gaggawa. Ingilishinsa shi ne mafi wuya a cikin huɗun.

A taƙaice cikin jadawali

| Zubi | Yawan fitowa | Kundi da kimanin kuɗin bango | Tsayuwa da ƙafarsa | Sauƙin karatu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Slott | 19, da ƙarin 6 | 5, dala 80 zuwa 90 | Matsakaici | Mai sauƙi | Ƙarshen yana wata mujalla |
| Cantwell | 25 | 4, dala 70 zuwa 80 | Sosai | Matsakaici | Jinkirin farko, jigo mai nauyi |
| Duggan | 20 | 3, dala 55 zuwa 65 | Rauni | Mai sauƙi ga wanda ya san X-Men | Sai an karanta wasu mujallu |
| Ackerman | 10 | 2, dala 35 zuwa 40 | Rabin farko sosai, na biyu matsakaici | Mai wuya | Ya yanke da wuri |

Waɗannan alƙaluma kiyasi ne daga kuɗin bango, ba su haɗa da jigila ba, kuma masu sayar da littattafai sukan rage ko su ƙara.

Takarda ko waya

Kafin a zaɓi marubuci, yana da kyau a duba wannan lissafin. Duka zubin huɗun fitowa 80 ne. A ɗaya-ɗaya sun haura dala 300. A manhaja kuwa, wanda ke karanta fitowa uku a rana zai gama su cikin wata ɗaya, a kan kuɗin wata guda, ya kuma samu mujallun X-Men da zubin Duggan ke jingina da su ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Manhajar tana barin a sauke fitowa a karanta ba tare da intanet ba, abin da ke taimaka wa mai lallaɓa data. Illarta biyu ce. Ranar da ka daina biya ba ka da komai a hannu, sannan tana buƙatar katin da ke iya biyan dala. Ƙaramar fuskar waya kuma tana cin zalin zane. Shafin da Alex Ross ko CAFU ya cika da aiki yana so a buɗe shi a kan cinya a daɗe ana kallo. Saboda haka shawarata ita ce a yi amfani da wata ɗaya na manhaja a matsayin ɗanɗano, sannan a sayi kundin abin da ya kama zuciya. Fitowa ɗaya-ɗaya ta mai tara kayan tarihi ce, wanda ke da leda da kwali da busasshen wurin ajiya da gara ba ta kai wa.

Wanne ya dace da wa

Wanda finafinai suka kawo shi, yana son Tony mai barkwanci da sababbin sulke, kuma Ingilishinsa bai yi zurfi ba, ya fara da Slott, amma ya sa kuɗin kundi na biyar a lissafinsa tun farko. Shi ne kuma na fi natsuwa in ba matashi ɗan sakandare, ko da yake ko a nan akwai maganar giya da soyayya da ya kamata babba ya fara dubawa.

Wanda ya riga ya san X-Men na zamanin Krakoa, ko yake da manhaja a hannu, Duggan zai fi ba shi nishaɗi, kuma shi ne zai fi samun abokan hira a kai. Wanda bai san su ba kuma kundi zai saya da kuɗin jigila, kada ya fara da shi, ko kuwa ya tsaya a kundin farko, wanda fitowarsa shida suna da saukin bi ba tare da taimako ba.

Wanda ke bin labaran duniya, yana sha'awar yadda kamfanonin makamai da gwamnatoci ke cuɗanya, kuma kuɗinsa kaɗan ne, kundin farko na Ackerman ya ishe shi gwaji. Idan muryar ta yi masa, ya ƙara na biyu da sanin cewa zai rufe littafin yana son ƙari.

Wanda kuma zai sayi abu ɗaya ne tak ya ajiye a kanta, yana son labari mai farko da ƙarshe da zai sake buɗewa bayan shekaru, kuma ba ya gudun ganin jaruminsa a ƙasa, Cantwell ne nasa, da sharaɗin ya yi haƙuri har ya wuce fitowa ta 6. Ƙanena ya ce shi barkwancin fim ne ya ja shi amma ba ya son labarin da za a ce ya nemi ci gabansa a wani wuri, don haka na ba shi aron kundin Cantwell na farko da na biyu tare, na ce kada ya dawo mini da hukunci sai ya gama duka biyun.